Tabon fuskata ne ya fito wa jaririyata?

Assalamu alaikum, Anti. Shekarata 24, ina aure a Agege, uwar mijina kuma ta zo daga gida tana taya ni zaman jego. Da ɗan duhu a gefen idona na hagu aka haife ni. Da na kai shekara 13 ya bazu zuwa kunci da goshi, launin toka mai shuɗi-shuɗi, har farin idon ma ya ɗauka. Bai taɓa yi min ciwo ba, sai dai kallon mutane. Kafin bikina wata mai haɗa mai a kasuwa ta haɗa min wani a roba marar suna, ta ce cikin wata 3 zai goge. Yau shekara 2 ina shafawa. Sauran fuskar ta yi haske, tabon ya ƙara fitowa, fatar ƙasan idona ta yi siriri, kuma da na daina kwana biyu sai ƙuraje su feso.

Wata 2 da suka wuce na haifi mace. Tana da faffaɗan tabo mai irin wannan launi daga ɗuwawu zuwa ƙasan baya. Hajiya ta ce nawa ne na ba ta, kuma zai hau fuskarta yadda nawa ya bazu. Wata maƙwabciya ta ce ungozoma ce ta buge ta. Yanzu Hajiya tana gasa wurin da tsumma mai zafi kowace safiya, ta kuma ce in riƙa lakatar man nawa ina shafa mata tun fatar tana ɗanya. Mijina ya ce ba ya shiga maganar mata. Ni dai ba na so 'yata ta sha abin da na sha. Me zan yi?

Ƙanwarki a Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Zan fara da abin da ba ya jira. Kada ko ɗigon man nan ya taɓa jikin yarinyar, kuma a daina gasa wurin daga yau. Sannan wadda ke bukatar ganin likita a gidan nan ke ce, kuma likitan ido kafin likitan fata. Na san ba wannan kika zo nema ba, domin duk hankalinki yana kan 'yarki. Amma daga yadda kika siffanta, a cikin ku biyu ita ce lafiyarta ƙalau.

Hajiya ta ga kama tsakanin tabon biyu, kuma idonta bai yaudare ta ba. Tushensu ɗaya, makomarsu ce daban. Fatar mutum hawa biyu ce, ban da kitsen da ke ƙarƙashi. Hawan sama siriri ne, kullum yana zubar da tsoho yana fito da sabo, cikin kimanin wata guda ya sabunta. Na ƙasa ya fi kauri, a nan jijiyoyin jini da saiwar gashi suke, kuma ba ya zubewa. Ƙwayoyin da ke ba mu launi, masu yin sinadarin melanin, mazauninsu gindin hawan sama ne. Sai dai ba a nan suke farawa ba. A watannin farko na ciki suna tasowa daga kusa da inda lakar baya ke ginuwa, su ratsa hawan ƙasa har su isa inda za su zauna. Wasu kan maƙale a hanya, su tsaya a hawan ƙasa, su ci gaba da yin launi a can. Tabonki da na 'yarki duk wannan ne.

Ki duba bambancin lalle da jarfa. Lalle a saman fata yake, ko ba a wanke ba cikin makonni ya tafi. Jarfa kuwa an tura baƙin ne can ciki, shi ya sa tsohuwa take kaiwa kabari da wadda aka yi mata tana budurwa, komai yawan sabulun da ta ƙarar. Za ki kuma lura a jikin mai hasken fata jarfa takan yi shuɗi-shuɗi, alhali baƙin tukunya aka zuba. Zurfin ne ya sa haka: idan haske ya shiga fata ya tarar da launi a can ƙasa, ɓangaren shuɗi ne ya fi dawowa ido. Ki riƙe wannan, domin shi ne amsar rabin tambayoyinki. Duk abin da za a shafa a sama, mai ne ko sabulu ko lemon tsami ko tsumma mai zafi, ba ya isa inda launin yake.

Tabon 'yarki sananne ne. A asibiti za ki ji ana ce masa tabon Mongoliya, sunan da wani likita Bajamushe, Erwin Bälz, ya sa masa lokacin da yake aiki a Japan a ƙarshen ƙarni na 19. Akasarin jariran Afirka da Asiya da shi ake haifar su, ga Turawa kuwa kusan 1 cikin 10 ne. Abin da ya sa ba a cika maganarsa a wurinmu ba, jariri mai duhun fata nasa ba ya fitowa sosai, kuma kafin a ankara ya ɓace. Ranar rigakafi ki sa ido lokacin da ake tuɓe jarirai za a ɗora su a sikeli. Za ki ga na wannan kamar tafin hannu a kan ɗuwawu, na waccan kamar an shafa shuni a ƙugu, uwayensu ko a jikinsu.

Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya tashi sama da fata, ba ya zama cutar kansa, ba ya tafiya daga baya zuwa fuska. Yakan ƙara fitowa a cikin shekarar farko, don haka kada ki firgita idan kin ga ya ɗan yi duhu nan da 'yan watanni. Daga nan sai ya fara dusashewa. Yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 5 an neme shi an rasa. Kaɗan ne ke kaiwa girma da shi, su ma a wurin da tufa ke rufewa.

Maganar maƙwabciyarki ba ta da wuyar warwarewa. Taruwar jini daga bugu tana da zafi idan an taɓa, tana sauya launi kwana bayan kwana, kuma cikin mako 2 ta watse. Abin da ya yi wata 2 yana nan yadda yake, yarinya ba ta ko motsi idan an danna, ba duka ba ne. A bar ungozoma ta huta. Amma tunda wannan zargi yana faruwa, ki ɗauki hoton tabon da waya yau, kuma ki roƙi nas ta rubuta shi a katin yarinyar. An sha zargin iyaye da dukan 'ya'yansu saboda wannan tabo, musamman a ƙasashen da likitoci ba su saba ganinsa ba. Wata rana za ki kai ta makarantar raino ko ki yi tafiya da ita, rubutun nan zai rufe bakin mai magana.

Akwai lokacin da ya kamata likitan yara ya duba da kyau: idan tabon ya yi yawa har ƙirji da ciki da hannuwa, yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan shekarun farko, ga yaro yana jinkirin zama ko tafiya, ko akwai jan tabo babba tare da shi, ko a tsakiyar baya daidai ƙashin gadon baya akwai rami, ko ƙullutu, ko tsiron gashi. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Ki dai nuna wa nas a rigakafi na gaba ta gani da idonta.

Abin da ke iya cutar da ita a yanzu shi ne maganin da ake yi mata. Fatar jariri ta fi tamu siriri, zafin da hannun babba ke jurewa yana iya ƙona ta, kuma ƙuna a fatarmu tana barin baƙin tabo na gaske inda da babu komai. Man kuwa ya fi haɗari. Jikin jariri yana tsotse abin da aka shafa masa fiye da na babba, balle a wurin da famfas ke rufewa, inda ɗumi da laima ke ƙara tura magani ciki. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da man kaɗanya sun ishe ta. Tunda muna kan jego, kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma a ajiye shi, domin na dutse yakan ƙunshi dalma.

To, yaya za a yi da Hajiya? Kada ki yi musu da ita, kada ki ce mata an rubuto miki a intanet. Mace ce da ta baro gidanta ta zo Legas don jikarta, tana tashi da asuba tana ɗora ruwa. Abin da take yi ƙauna ce ta sa ta, kuma idan kika nuna mata kin fi ta sani kin rasa ta. Ki tambaye ta cikin ladabi: "Hajiya, a cikin 'ya'yanki babu wanda aka haifa da irin wannan a baya?" Akwai yiwuwar ta tuna, wataƙila ma mijin naki ne. Sannan ki roƙe ta ta raka ki rigakafi, ita ta riƙe yarinyar, nas ta yi bayani a gabanta. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba za ta karɓa daga bakin mai farar riga.

Shi kuwa malam, ki gaya masa na ce wannan ba maganar mata ba ce. Maganar kalar atamfar suna ita ce maganar mata. Fatar 'yarsa da idon matarsa suna wuyansa. Kalma ɗaya daga bakinsa, "Hajiya, a bar gashin nan sai mun ji daga asibiti," ta fi kwana goma na kawaicinki, kuma ba za ta jawo masa baƙin jini ba yadda za ta jawo miki.

Ki kuma sauke wa kanki laifi. Irin tabonki galibi ba a gadonsa, ba a ɗaukarsa ta nono ko ta taɓawa, ba abin da kika ci ko kika kalla da ciki ne ya kawo na 'yarki ba. Da matar da ba ta da ɗigon tabo a jikinta ce ta haife ta, da wannan shuɗin a baya za ta zo.

Yanzu ke.

Duhu a gefe ɗaya na fuska, kewayen ido da goshi da kunci, ya shiga farin ido, an haife ki da kaɗan ya bazu lokacin balaga: wannan siffar abin da likitocin fata ke kira tabon Ota ce, daga sunan likitan Japan Masao Ota da ya yi bayaninsa a 1939. Likita zai tabbatar idan ya gan ki, yawanci da kallo kawai. Yana bin yankin da rassa biyu na sama na babbar jijiyar fuska ke ratsawa, shi ya sa yake tsayawa a gefe ɗaya kamar an ja masa iyaka. Kusan 4 cikin 5 na masu shi mata ne. Kusan rabi da shi ake haifar su, sauran sai wajen balaga yake bayyana, kuma yakan ƙara duhu da balaga ko ciki. A wajen 2 cikin 3 yana taɓa farin ido. Yana da 'yan'uwa: wanda ke fitowa a kafaɗa da gefen wuya, da aka yi bayaninsa a 1954 ana ce masa tabon Ito, da wanda ke fito wa manyan mata ɗigo-ɗigo a kunci biyu, tabon Hori, na 1984. Bambancin naki da na 'yarki shi ne naki ba ya tafiya da kansa. Gara ki ji wannan daga gare ni a fili da ki ci gaba da ba masu roba kuɗinki.

Tabon da ke kan fata ba ciwo ba ne. Abin da ya sa na ce likitan ido shi ne launin da ya shiga idon. A cikin ido akwai ruwa da ke samuwa kullum yana fita ta wata 'yar magudana. Idan ƙwayoyin launi suka yi yawa a wurin, fitar ruwan takan ragu, matsi ya hau, ya riƙa cin jijiyar gani a hankali. Wannan ita ce gilakoma, wadda mutane ke ce wa hawan jinin ido. Kusan 1 cikin 10 na masu tabon Ota suna samun ta, a idon da ke gefen tabon. Mugun halinta shi ne ba ta sallama. Babu zafi, babu ja, babu hawaye. Daga gefe take fara cin gani, ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, mutum yana karatu yana zare allura yana cewa idonsa garau. Ranar da ya fara karo da gefen ƙofa, ko ya kasa ganin mai babur da ya taho ta hagunsa, an riga an yi asara mai yawa, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Idan aka gano ta da wuri kuwa, maganin ɗigawa kullum yana tsayar da ita, wasu a yi musu aiki. Mu baƙar fata dama ta fi kama mu, kuma tana kama mu da ƙuruciya fiye da Turawa.

Ga inda man naki ya shigo, kuma nan ne hankalina ya tashi da na karanta wasiƙarki. Kin san yadda ake haɗin. Mai shago ta buɗe babbar roba ta farin mai, ta matse tub uku ko huɗu a ciki, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalba, ta juya da cokali, ta ɗebar miki a ƙaramar roba ta rufe da leda. Babu suna, babu awo, babu ranar lalacewa. Alamomin da kika lissafa, fata ta yi siriri, ƙuraje su feso da an daina, su ne sawun magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin clobetasol da betamethasone. Magani ne na gaske, likita yana rubuta shi na 'yan kwanaki don wasu cututtukan fata, amma ba a fuska shekara 2 ba. Fatar fatar ido ita ce mafi siriri a jiki, magani yana ratsa ta. Sitiroyid a kewayen ido na tsawon lokaci yana ɗaga matsin ido, yana kuma kawo yanar ido. Wato idon da dama yake cikin haɗarin gilakoma saboda tabon, shi kike shafa wa abin da ke haddasa gilakoma, safe da dare. Ban ce kina da ita ba. Na ce dalili biyu sun haɗu a ido ɗaya, kuma ba a taɓa aunawa ba.

Ba sitiroyid kaɗai ake zubawa ba. Hydroquinone yana hana ƙwayoyin hawan sama yin launi, shi ya sa fatar da ke kewaye ta yi haske, tabon da ke can ƙasa bai san ana yi ba, sai ya fito raɗau fiye da da. Idan aka daɗe ana shafa shi yana haifar da nasa tabon, baƙi mai shuɗi, ɗigo-ɗigo a kan ƙashin kunci da gefen goshi, shi ma a hawan ƙasa yake zama, kuma ya fi wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu sun yi bayaninsa tun 1975 a jikin mata masu shafa man bilicin. Kin sha ganinsa a motar haya ta danfo: fuska fara, kunci biyu kamar an ƙona da dutsen guga. Wasu mayukan kuma akwai makuri a ciki, wato zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke iya isa ga jariri ta nono da ta gugar jiki. Ki tuna sau nawa a rana kike manna kuncinki da nata. Hukumar NAFDAC a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, amma robobin suna nan a kasuwa, domin masu saye ba su ƙare ba.

Ban ga laifinki ba. Yarinya da ta tashi ana kallon rabin fuskarta, ana tambayarta wa ya mare ta, ga biki ya matso, wata ta ce mata wata 3, wa zai ƙi? Haushina yana kan mai sayarwa, wadda ko dai ba ta san mai ba ya goge irin wannan ba, ko ta sani ta karɓi kuɗin.

Ki daina shafawa. Fuskar za ta yi bore: ja, zafi, ƙaiƙayi, ƙuraje, wataƙila ta yi duhu fiye da asalin launinki na ɗan lokaci. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma nan ne yawancin mata ke karaya su koma wa robar, mai shago ta ce "kin gani, fatarki ta saba da shi." Likitan fata yana da abin da zai ba ki ya sassauta wannan lokaci. Idan kuwa ba fuska kaɗai kike shafawa ba, har jiki gaba ɗaya, to kada ki yanke rana ɗaya, ki ga likita a makon nan ya tsara miki janyewa a hankali, domin sitiroyid mai yawa na dogon lokaci yana sa jiki ya rage yin nasa. A kowane hali, daga yau kada ya kusanci ido, kada ya taɓa yarinya. Robar kuma kada ki jefar, ki sa a leda ki tafi da ita asibiti.

Ga ki a Legas, ba ki da matsalar nisa. Babban Asibitin Orile-Agege yana kusa da ke, za ki iya farawa daga nan a ba ki takardar turawa. Asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, yana Ikeja. Na tarayya, LUTH, yana Idi-Araba, unguwar da ba za ki rasa wanda zai nuna miki hanya da Hausa ba, kuma yana da cibiyar ido. Ki yi sammako, layi ba ya jiran mai jego. Ki sani cewa karanta haruffa a bango a shagon tabarau ba shi ne gwajin da nake nufi ba, mai gilakoma yana iya karanta layin ƙarshe tsaf. Abin da za ki nema: a auna matsin ido biyu, a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa jijiyar gani da bayan ido, in da hali a yi gwajin faɗin gani. Maganin ɗigawar yana sa gani ya yi hazo na wasu awanni, hasken rana ya dame ki, don haka kada ki je ke kaɗai da goyo ki ce za ki tsallaka titin Ikeja. Ga aikin malam. Ki gaya wa likita abu uku da bakinki ko bai tambaya ba: tabon tun haihuwa ne, kin yi shekara 2 kina shafa haɗin mai a kewayen idon, kuma kina shayarwa.

Idan komai ya fito lafiya, alhamdulillahi, amma ba a gama ba. Sau ɗaya a shekara za ki riƙa komawa, har tsufa. Ki ɗaura shi da wani lokaci da ba ya wucewa a manta, kamar bayan ƙaramar salla. Wannan duban na shekara yana kuma tsare wani abu da ba zan ɓoye miki ba: a wasu 'yan kaɗan masu wannan tabo cutar kansa takan taso a cikin ido ko a fatar. An fi ganin haka a Turawa, a baƙar fata ba kasafai ba ne. Abin da zai sa ki koma kafin shekara ta zagayo shi ne ƙullutu a cikin tabon, ko gyambo da ya ƙi warkewa, ko gani ya canza.

Saura tambayar da ba ki yi ba amma tana cikin kowane layi na wasiƙarki: shin akwai abin da ke cire shi? Akwai, na'urar lesa. Haskenta yana wuce hawan sama ya farfasa launin da ke ƙasa ya zama gari, jiki ya kwashe a hankali cikin makonni. Ga fata irin tamu wadda ta fi aminci ita ce Nd:YAG mai lamba 1064, domin ta fi nitsewa kuma launin saman fata bai cika tare ta ba. Sauran nau'o'in da ke aiki a farar fata suna iya ƙona mu su bar dabbare-dabbare. Ba zama ɗaya ba ne. Akan yi 5 zuwa 10, wani lokaci fiye, da tazarar wata 2 ko 3 a tsakani, don haka ki lissafa shekara ɗaya zuwa biyu, da kuɗi masu kauri a kowane zama. Da yawa tabon yana dusashewa sosai, wasu kusan gaba ɗaya, a wasu kaɗan yakan dawo. Farin ido kuwa lesar fata ba ta taɓa shi, zai zauna yadda yake, kuma ko fuskar ta goge tas duban ido na shekara yana nan. Ba a yi da ciki, ba kuma za a yi a fatar da mai ya cinye ba, sai ta farfaɗo tukuna.

Ba dole ba ne. Mijinki da tabon ya gan ki ya kai sadaki. Idan hoda da fandeshan daidai launinki sun ishe ki ranar biki, sauran ranaku ki fita da fuskarki, babu abin da zai same ki. Man kariya daga rana zai taimaka wa fatar da ta yi siriri, ki nemi likita ya zaɓar miki. Idan kuma zuciyarki tana son a cire, wannan ma haƙƙinki ne, kada wani ya ce miki rashin godiya ne.

Sai dai Legas cike take da wuraren gyaran jiki masu kyawawan hotuna a Instagram, kowa da na'urarsa, wasu har da allurar hasken fata da ruwan saɓule fata, waɗanda babu abin da za su yi wa tabonki sai ƙarin rauni. Likitan fata ne zai yi miki, ko ya tura ki inda ya amince. Kafin ki biya ko kwabo ki tambaya: wace na'ura ce, ya taɓa yi wa mai duhun fata irin wannan tabo, za a gwada a ɗan ƙaramin wuri a jira a ga yadda fatar ta karɓa, kuma da me za a rufe ƙwayar idon lokacin da ake harba haske a fatar ido. Ki faɗa masa idan jikinki yana yin tabo mai tudu bayan rauni ko hujin kunne. Wanda ya kasa gaya miki sunan na'urarsa, ko ya ce zama biyu ya isa, ki ɗauki jakarki ki fito.